Dakan Yajin Jego: Daga Buhun Tonka Zuwa Kwalba

Saura wata guda ƙanwata ta haihu Inna ta kira ni daga Bungudu, ta ce bana ni ce da dakan yaji. Ba shawarata take nema ba, sanar da ni take yi. Haka tsarin yake a gidanmu: da haihuwa ta matso sai a ɗora wa mace ɗaya a dangi yajin jego, wanda mai jego za ta riƙa ci da ƙauri da farfesu da tuwo har ta yi arba'in, a kuma ƙulla wa 'yan barka da dangin miji nasu. Shekara da shekaru Gwaggo ce mai wannan aiki, to yanzu ƙirjinta ya daina ɗaukar ƙurar barkono, ko tonka kamar yadda muke cewa a nan Zamfara.

Na amsa da ƙarfina, don a ganina mene ne a yaji in ban da daka da tankaɗe? Kafin in gama aikin nan sai da na zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na barkonon da na saya da kuɗina, sai kuma da ɗana ɗan shekara uku ya yi ihun da ya fito da maƙwabta. Ihun yaron kowa ya ji shi, kuma kafin magariba ya koma wasansa. Abin da ke cikin barkonon da na zubar kuwa, da na daka shi babu wanda zai ji komai a baki, kuma mai jego ce za ta ci shi kullum har kwana arba'in. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai, shi ya sa zan fara da shi.

Abin da ke cikin buhu

Wani ɗan'uwanmu direba mai bin hanyar Funtua ne ya sayo mini barkonon a Tsafe, tiya huɗu, ja wur har da ƙyalli. Na ɗauke shi daga Gusau na kai Bungudu don Gwaggo ta sa albarka. Ta zauna nesa kaɗan, ta toshe hanci da gefen mayafi, ta ce in zube shi a faifai. Ko kallon jan ba ta yi ba. Ta ɗauki ɗaya ta girgiza kusa da kunne, ta karya, ta miƙo mini. A ciki akwai wani baƙi-baƙin gari kamar toka. Ta karya na biyu, lafiya lau. Na uku kuma fari-fari ne a ciki, kamar saƙar gizo.

"Wannan ruwa ya doke shi a shanya, ko an ɗura shi a buhu bai gama bushewa ba," in ji ta. "Zauna ki tsince, ɗiyata."

Wuni muka yi a kai, ni ina tsinta ita tana nuni daga nesa. Lafiyayyen busasshen barkono yana karyewa ƙas, 'ya'yansa suna kaɗawa in an girgiza shi, cikinsa fes. Wanda ya yi laushi kamar fata, da wanda ya yi dabbare-dabbare ko ya koɗe, da wanda ƙwaro ya huda, da mai warin danshi, duk gefe muka tura su. Na so in ce a bar su a miyar gida, ta hana, ta ce abin da bai dace da mai jego ba bai dace da yara ba.

Abin da Gwaggo ke gudu da ido da hanci, masana suna da sunansa. Wasu nau'o'in fumfuna da ke kama gyaɗa da masara da busasshen barkono suna fitar da wata guba da ake kira afulatoksin. An gano ta ne bayan abin da ya faru a Ingila a 1960, lokacin da talotalo kusan 100,000 suka mutu saboda abincin da aka haɗa musu da garin gyaɗa mai fumfuna. A 2004 kuma mutum 125 suka rasu a Kenya bayan cin masarar da ta kamu. Sai dai ba irin wannan mutuwa ta farat ɗaya aka fi gani ba. Abin da ya fi yawa shi ne cin kaɗan-kaɗan na tsawon shekaru, wanda ke cin hanta a hankali har ya iya kai wa ga kansa, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Binciken da aka yi a kan yara a Benin da Togo ya danganta gubar da tsumburewa. Dafuwa ba ta kashe ta, suya ma haka. Kuma idan mai shayarwa ta ci, wani ɓangarenta yana fita ta ruwan nono.

Yaji ba a cin sa da yawa kamar tuwo, gaskiya ne. To amma mai jego tana cin sa safe, rana da dare, kuma a gidaje da dama ana cakuɗa shi da kuli-kuli, wanda shi ma daga gyaɗa yake, gyaɗar da ba ki ga yadda aka tsince ta ba.

Shanya

Duk mai bin titunanmu da kaka ya san jan shimfiɗar nan a gefen kwalta. Ba na ganin laifin manomi, wurin shanya ne ba shi da shi, kuma kwalta tana riƙe zafi. Amma barkonon da ya wuni a nan ya sha ƙura da hayaƙin mota, awaki sun ratsa ta kansa, raɓa ta sauka masa da dare. Idan irinsa kika saya, ki bushe shi da faifai ki fitar da yashi da tsakuwa, ki cire hancinsa. Da hunturu za ki iya ɗauraye shi da sauri ki tsane a kwando, ki baza shi siriri a rana kwana biyu ko uku har ya koma karyewa. Da damina kada ki sa masa ruwa ko kaɗan, gara ki goge da busasshen tsumma mai tsabta, don barkonon da aka jiƙa bai bushe ba ya fi wanda ba a wanke ba haɗari.

Abin da ya fi komai shi ne ki sayi ɗanye lokacin da ya yi araha ki shanya abinki. A ɗaga shi daga ƙasa, a kan tebur ko rufin ɗaki, bisa tabarma ko buhu mai tsabta, kada a tula shi. A riƙa juyawa da rana, a kwashe kafin faɗuwar rana, a sake bazawa da safe. Attarugu, wato tarugu, naman jikinsa da kauri yake, in ba a tsaga shi biyu ba sai ya ruɓe daga ciki kafin ya bushe. Ƙananan barkono da shambo sun fi sauƙin sha'ani. Matan da suka saba da wannan ajiya su ne ba su ji jiki sosai ba a 2021, lokacin da gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako-mako saboda matsalar tsaro. Inna tana cikinsu, mu da muke saye na yau da gobe mu muka riƙa aike wurinta.

Turmi ko inji?

Tiya uku ta barkono ba ƙaramin daka ba ce, kuma ba zan ce wa mace mai yara huɗu da sana'a ta guji inji ba. Amma mu 'yan Zamfara muna da dalilin da ya fi na kowa na tambayar me aka niƙa a inji kafin kayanmu. A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta gano cewa yara suna mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Gubar dalma ce. Ana kawo dutsen zinariya cikin gari, a daka a turmi a tsakar gida, a niƙa da injina irin na niƙan hatsi, ƙurar ta bi ƙasa da abinci da hannun yara. Aƙalla yara 400 suka rasu, dubbai kuma aka yi wa magani. Sunaye irin su Dareta da Bagega ba za su fita daga kunnenmu ba.

Haƙar zinariya ba ta tsaya ba, saboda haka ƙa'idar ba ta canza ba: injin da ya taɓa niƙa dutse, da turmin da ya taɓa dakan dutse, da buhun da ya taɓa ɗaukar ƙasar ma'adinai, babu abincin da ya kamata ya sake shiga cikinsu, ko an wanke. Ki kai wurin mai injin da kika sani, wanda kayan abinci kaɗai yake niƙawa.

Ko a injin abinci ma akwai abin lura. Farantan ƙarfen da ke murje kayan suna cinyewa, musamman in an wasa su kwanan nan, garin ƙarfen kuma cikin niƙa yake zuba. Ki tafi da ɗan tsaki ko dusa a fara zubawa a fitar, kafin a sa yajinki. In kin dawo gida, ki naɗe maganaɗisu a leda ki ratsa shi cikin garin. Abin da ya manne masa zai gaya miki ko za ki koma wurin. Amma ki sani dalma ba ta kama maganaɗisu, wannan gwajin na ƙarfe ne kaɗai.

Ni dai turmi na zaɓa, na kira 'yan mata biyu daga maƙwabta muka yi lugude.

Haɗin gidanmu

Kowane gida da hannunsa, ga namu. Ga tiya ɗaya ta busasshen barkono muna sa busasshiyar citta gwangwanin madara biyu, busasshiyar tafarnuwa gwangwani ɗaya, masoro rabin gwangwani, kanumfari cokali uku, kimba sili goma, 'yar citta mai 'ya'ya, da daddawa gwargwadon son mai ci. Wasu suna ƙara fasaƙwari da kulla. Ita daddawa a gutsuttsura ta a shanya ta bushe ƙayau, ko a ɗan gasa ta a kasko. Ɗanyar tafarnuwa tana da ƙamshi, amma ruwan jikinta shi ke sa yaji ya dunƙule ya kama wari bayan mako biyu, don haka a yajin ajiya busasshiya ake sawa.

Abin sha'awa, masoro da kimba da citta mai 'ya'ya duk 'yan asalin Afirka ta Yamma ne, sun riga barkono shiga tukunyar kakanninmu. Shi barkono baƙo ne daga nahiyar Amurka, bai ƙetaro teku ba sai bayan 1492, 'yan kasuwar Fotugal suka yaɗa shi a gaɓar Afirka da Asiya. Baƙon ne yanzu ya zama mai gida.

Masu tauri ake fara dakawa, citta da kimba da kanumfari, su kaɗai, a tankaɗe a ajiye. Sannan barkono, kaɗan-kaɗan, tare da ɗan gishiri don yana taimaka masa ya daku. Cokali ɗaya na man gyaɗa a kowane zubi yana kwantar da ƙura, ya kuma fito da ja. A tankaɗe da rariya mai laushi, a mayar da tsakin turmi, a sake. Daga ƙarshe a haɗe duka a yi musu daka ɗaya don su san juna. Kuli-kuli ba ma sa shi a babban haɗi, sai a ɗan abin da za a ci a mako, saboda man jikinsa yana saurin canza wari.

Gishiri da dunƙulen ɗanɗano kuwa, a nan na saɓa wa Gwaggo. Ƙanwata ta yi fama da hawan jini da kumburin ƙafa a cikin nan, ga kunun kanwa da ke jiran ta, ita kanwa kuma 'yar'uwar gishiri ce a jiki. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar da ke kama wasu mata bayan haihuwa da yawan shan kanwa da zafin wankan jego. Saboda haka na ware mata kwalbarta da gishiri kaɗan, na 'yan barka na sa musu yadda aka saba.

Ranar da yaro ya murza ido

Mun gama zubi na ƙarshe da la'asar, aka jingine taɓarya a bango, na shiga ɗauko kwalabe. Na tura yara gidan maƙwabta tun safe, ban san ƙaramin ya dawo ba. Ya rungumi taɓarya yana kwaikwayon lugude, atishawa ta kama shi, ya kai hannu ido.

Kafin in fito tsakar gida ta cika. Wata ta ce a zuba masa madara, wata ta ce mai shayarwa ta ɗiga masa ruwan nono, wata ta ce man gyaɗa. Allah Ya taimake ni akwai maƙwabciyata ma'aikaciyar jinya. Abu na farko da ta yi shi ne ta hana ni taɓa shi, don hannuna ya fi nasa yaji. Ta riƙe masa hannuwa, ta kwantar da shi a cinyarta, ta karkata kansa, ta riƙa zuba ruwa mai tsabta da buta daga gefen hanci yana gangarawa waje, tana lallashinsa ya riƙa ƙifta ido. Ta fi minti goma sha biyar tana yi. Sannan ta wanke masa hannu da fuska da sabulu, ta cire masa riga. Ido dai ruwa mai tsabta kaɗai ake sa masa. In bayan wankin nan yaro ya kasa buɗe ido, ko ya ce yana gani dishi-dishi, ko jan da zogin sun ƙi sauka, a tafi asibiti. In kuma numfashi ne ya fara sarƙewa, ba a jira komai.

Abin da ke sa barkono zafi wani sinadari ne mai suna kafsaisin. Ba a 'ya'yan ya fi taruwa ba kamar yadda muke zato, a farar jijiyar nan ce ta ciki da 'ya'yan ke manne da ita. In kina son miyar yara ta yi ƙamshin attarugu ba tare da ta gagare su ba, ita za ki kankare. Wani masanin haɗa magunguna ɗan Amurka, Wilbur Scoville, shi ya ƙirƙiro ma'aunin zafin barkono a 1912. A ma'auninsa koren tattasai sifili ne, dangin attarugu kuwa suna tsakanin 100,000 da 350,000.

Kafsaisin yana taɓa jijiyar da ke sanar da jiki cewa wani abu mai zafi ya taɓa shi, jijiyar da ke farkawa idan zafi ya haura digiri 43. David Julius, masanin da ya gano haka, yana cikin mutum biyun da aka ba kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2021. Wato jiki ji yake kamar wuta ce alhali babu wuta. Shi ya sa ruwan zafi ke ƙara wa hannu raɗaɗi, shayi mai zafi kuma ke ƙara wa baki.

Sannan shi wannan sinadari ɗabi'ar mai gare shi, ba ya narkewa a ruwa, a mai yake narkewa. Don haka idan hannunki na raɗaɗi bayan gyaran tarugu, ki murza man gyaɗa sosai har ƙarƙashin farce, ki wanke da sabulun wanke-wanke da ruwan sanyi, ki maimaita sau biyu ko uku. In bai sauka ba ki tsoma hannun a kindirmo mai sanyi. A baki ma nono ko madara sun fi ruwa nesa ba kusa ba, loma ɗaya ta tuwo ko burodi ita ma tana taimakawa. Mafi sauƙi dai ki sa safar hannu ta roba, ko ki ɗaura leda, tun kafin ki fara.

Akwai wuraren da muke mantawa. Alwala ɗaya ce: hannun da aka ɗauraye da ruwa kawai, da shi za a wanke fuska a shaƙa ruwa a hanci, duk wadda ta taɓa yi ta san sauran labarin. Sai tsarkin jariri, da kama nono a ba shi, da share wa yaro majina da gefen zanen da aka yi daka da shi. Wadda ta yi dakan yaji ta yi wanka ta canza kaya kafin ta ɗauki jinjiri. Turmi da taɓarya da rariya a wanke su nan take, a kife inda yaro ba zai kai ba. Wannan kuskuren nawa ne, ba na yaron ba.

Dakan kansa a fili ake yi, da sassafe kafin iska ta tashi, iskar tana bayanki. Takunkumin nan da muka saba da shi lokacin korona yana aiki ƙwarai. Mai asma da tsofaffi da jarirai su bar gidan har ƙura ta lafa. In za ki ɗan gasa barkono don ƙamshi, a waje, a wuta kaɗan, na ɗan lokaci, don hayaƙinsa a rufaffen ɗaki yana iya shaƙe yaro, in ya ƙone kuma ɗaci yake yi. Masu sa wa yaro barkono a baki ko a ido da sunan horo, ko shafa shi a nono don yaye, ina roƙon su da su bari. Azaba ce, kuma yaro ba ya koyon komai a cikinta sai tsoron uwarsa.

Ajiya

Yajin da ya fito daga turmi ko inji da ɗuminsa yake fitowa. A baza shi a tire ya huce tukuna, in an rufe shi da ɗumi gumi zai yi. A zuba a kwalbar gilashi busasshiya mai murfi, a ajiye nesa da murhu da hasken rana, don rana tana cinye jan. A ɗebi na ci a ƙaramin mazubi, babbar kwalba kuma kada cokali mai danshi ya shige ta. Da damina a riƙa dubawa. Yajin da ya dunƙule ya canza wari ba a shanya shi a ci gaba da ci, zubarwa ake yi.

Na yi wa yara nasu daban, busasshen tattasai da kuli-kulin da na soya da kaina da 'yar citta, barkono ɗan taɓawa kawai. Shi suke barbaɗa wa ɗanwake da dafaffen ƙwai, har wanda ya murza idon.

Ƙanwata ta sauka lafiya, aka samu mace. Ranar ƙauri na kai kwalabe Bungudu, Gwaggo ta buɗe ɗaya, ta lakata da ɗan yatsa ta ɗanɗana, ta yi shiru na ɗan lokaci. Ta ce citta ta yi kaɗan, kimba kuma ta ɗan yi yawa. Sannan ta juya ta gaya wa Inna cewa matar ƙanenmu watanta biyar, a bar mini turmin a wurina.